Fentin Mota a Kano: Tsumman Safe Ya Fi Rana Ɓarna

Idan kana son sanin gaskiyar halin da fentin motarka yake ciki, kada ka dube ta da rana tsaka daga nesa. Bari sai bayan isha'i, ka tsaya da ita a ƙarƙashin fitilun gidan mai, ko ka kunna fitilar wayarka ka kawo ta kusa da bonet kamar taƙi ɗaya. Hasken zai zauna a tsakiya, kewaye da shi kuma za ka ga siraran zane-zane sun yi da'ira a kan da'ira kamar saƙar gizo-gizo. A baƙar mota ko shuɗiya mai duhu abin har tayar da hankali yake. Waɗannan zane-zanen su suka cinye ƙyallin motar, domin kowanne yana karkatar da haske ya watsa shi, maimakon ya dawo maka da shi kamar madubi.

Yawancin masu mota a Kano rana suke ɗora wa laifi, wasu kuma su ce fentin ne ba mai kyau ba. Rana tana da nata laifin, za mu zo kansa. Amma zanen nan ba ita ta yi ba, tsumma ne. Kowace safiya a ƙofar gidaje, daga Gwale har Hotoro, za ka ga direba ko maigadi ko yaron gida ya ɗauko tsohuwar singileti, ya kakkaɓe ta sau biyu a jikin katanga, ya hau goge ƙurar da ta kwana a kan mota, a bushe, yana murzawa da ƙarfinsa don maigida ya fito ya tarar da ita fes. Niyyarsa mai kyau ce. Abin da yake yi kuwa ba shi da maraba da gugar sanfefa.

Fentin mota bai kai kaurin da mutane suke zato ba. A motocin zamani hawa-hawa ne: a kan ƙarfe akwai shafen da ke hana tsatsa, sai firaima, sai launin da ido ke gani, sannan can sama akwai wani shafe garai-garai marar launi wanda masu fenti ke ce wa kiliya. Duka-duka, a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180. Maikiron ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kiliyar ita kaɗai ba ta cika wuce maikiron 35 zuwa 50 ba. Ɗauki farar takardar A4 ka riƙe ta a tsakanin yatsunka: kaurinta ya kusa maikiron 100. Wato abin da ke tsakanin launin motarka da ranar Afrilu bai wuce rabin kaurin takardar nan ba. A cikinsa ƙyalli yake, a cikinsa kuma aka zuba sinadarin da ke tare hasken rana kada ya ƙone launi. Kuma ba fata ba ce da za ta warke. Abin da ya kankare ya tafi ke nan.

Ƙurar hunturu kuwa ba gari ba ce mai laushi kamar yadda take a ido. Iskar arewa maso gabas ce ke ɗauko ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zo ta haɗu da ƙurar layukanmu da ba a sa wa kwalta ba. A cikinta akwai ƙwayoyin kwatz, ma'adinin da yashi ya ƙunsa. A ma'aunin tauri na Mohs kwatz yana kan 7, gilashin taga yana wajen 5 da rabi. Abin da ya fi gilashi tauri, ina ga kiliya, wadda asalinta dangin roba ce? Muddin ƙurar tana zaune a kan mota ba ta yin komai. Sai an danna ta an ja ta take yanka. Haka yatsan yaron da ya rubuta "a wanke ni" a kan but: bayan an wanke, a haska fitila, rubutun yana nan daram. Bugu da ƙari, gugar busasshen tsumma a busasshiyar iska tana tara wa jikin mota irin lantarkin nan da ke sa riga tartsatsi da sanyi, sai ƙurar ta dawo ta manne fiye da da.

Don haka hannu kada ya taɓa fenti sai da ruwa a tsakani. Mota mai ƙura ta fi mota mai zane. Idan babu halin wanki yau, a goge gilasai da madubai da fitilu da jiƙaƙƙen tawul don a ga hanya, a ƙyale jikin sai ranar wanki. Sau ɗaya a mako ya isa ko a tsakiyar Janairu.

Wankin ma akwai yadda ake yinsa. Jarka biyu masu lita 25 daga wajen mai garuwa sun ishi ƙaramar mota idan an yi tattali. A fara da tayoyi da rim, da sosonsu da bokitinsu daban, domin baƙin garin da birki ke fitarwa akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, bai kamata ya kusanci fenti ba. Sannan a kwarara ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa, a bar shi ya tafi da abin da zai iya tafiya da shi kafin soso ya sauka. Wannan kwararawar ta farko ita ce rabin aikin, ita ce kuma aka fi tsallakewa don ƙyashin ruwa. Bokiti biyu ake bukata, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya. A tsoma a kumfa, a wanke yanki ɗaya, misali rabin rufi, a ɗauraye soson a ruwa zalla a matse, sannan a koma kumfa. In ka gama ka leƙa gindin bokitin ɗauraya. Yashin da za ka gani a kwance, shi ne da zai zagaye motar kaf in da bokiti ɗaya aka yi. A riƙa jan hannu a miƙe, gaba da baya, ba kewaye-kewaye ba, kuma ban da dannawa. Ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe, don su suka fi datti.

Soson buhu kada ma ya zo kusa. Soson katifa shi ma ba shi da kyau, domin fuskarsa a shafe take, yashi ba shi da inda zai ɓuya sai tsakaninsa da fenti. Abin da ya dace shi ne safar hannu ta maikurofaiba, wani yadi mai laushi na siraran zaren roba, mai dogayen gashi, wadda ke haɗiye ƙwayar yashi ta nisanta ta da jikin mota. Sabulu kuma, a bar omo da sabulun wanke-wanke a kicin. An yi su ne don su narkar da maiƙo, kakin kare fenti da ka sha wahalar shafawa kuwa maiƙo ne, wanki kaɗan ya tafi. Omo yana da kaifin kanwa, yana busar da robar gilashi da baƙar robar bamba har su yi fari-fari, ga ƙwayoyinsa da ba su narke ba su ma suna zane. Shamfu na mota ake so, wanda ba shi da tsami ba shi da kanwa. Yawancinsu mililita 25 zuwa 30 ake zubawa a lita 10, amma a duba jikin kwalbar. Kwalbar rabin lita ta yi wanki fiye da goma sha biyar.

Sai lokaci. Da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa. Ka ɗora bayan hannunka a kan bonet; in ba za ka iya barinsa a wurin ba, ba lokacin wanki ba ne. Ruwan rijiya da na burtsatse yakan ɗauko ma'adinai irin su kalsiyam da magniziyam. Idan ɗigon ruwa ya bushe a kan fenti mai zafi, ruwan ya tashi, ma'adinin ya zauna a matsayin farin zobe, in ya daɗe kuma ya ci cikin kiliya. Da hunturu ko minti uku ba a yi ruwa ya bushe, shi ya sa ake ɗauraye kowane yanki da zarar an wanke shi, a kuma tsane motar nan take da babban tawul na maikurofaiba: a shimfiɗa shi, a ja shi a hankali ta kusurwoyi biyu. Sabon tabon ruwa yana fita da ruwan khal da aka sirka rabi da rabi da ruwa, a bar shi kamar minti ɗaya a kan fenti mai sanyi, a ɗauraye sosai. Zai cire kakin wurin, sai a sake shafawa. A wurin masu wanki da inji kuma, a ce wa yaro ya janye bakin bindigar ruwan aƙalla santimita 30, musamman a inda dutse ya fasa fenti ko inda aka taɓa yin feshi, don ƙarfin ruwan yana shiga ƙarƙashin kiliya ya ɗaga ta.

Akwai wata al'ada ta zuba kananzir ko man gas a ruwan wanki wai don mota ta yi sheƙi. Tana yi, na rabin yini. Bayan nan maiƙon ya kama ƙura kamar danƙo, ya narkar da kakin da ke ƙasa, ya kumbura robobi. Kananzir yana da amfani ɗaya tak: ɗigon kwalta a ƙasan ƙofa. A ɗan ɗiga a tawul, a dafa a kan ɗigon har ya narke, a wanke wurin da shamfu nan take.

Kowa a Kano inuwar darbejiya yake nema ya ajiye mota, kuma da gaskiyarsa, sai dai inuwar tana da haraji. Tsuntsaye da jemagu suna sama. Kashin tsuntsu yana da tsami mai ƙarfi, idan kuma rana ta gasa fenti kiliya takan yi laushi ta buɗe, da dare ta ƙame a kewayen kashin ta ɗauki siffarsa. A bazara yini ɗaya ya isa ya bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Kada a kankare shi, don akwai tsakuwa da ƙwallayen 'ya'yan itace a ciki. A jiƙa tawul sharkaf, a ɗora a kai minti biyar, a ɗauke sama kamar ana tsinke abu, ba a ja gefe ba. Ajiye 'yar kwalbar feshi mai ruwa da tawul ɗaya a but don wannan kaɗai ya biya kuɗinsa. Man birki ya fi wannan haɗari, cikin mintuna yake cin fenti. Idan ya ɗiga a fenda a gareji, a kwarara ruwa da yawa nan take, yana bin ruwa, kada a goge. Fetur da ke zuba a gefen tanki idan an sha a galan da mazurari shi ma a ɗauraye kafin ya bar rawayan layi. Motar ɗaukar amarya kuma, don Allah a daina manna kwalliya da selotef a jikin fenti. A ɗaura ribon a marfin ƙofa da madubi, in ya zama dole a manna a yi da farin tef na takarda irin na masu fenti, a cire a ranar.

Bayan wanki, sa hannunka a cikin siririyar leda ka shafa bonet. In ka ji gurji-gurji kamar tsaki, akwai abin da ya kafe a cikin kiliya: ɓurɓushin ƙarfe, feshin fentin maƙwabta, danƙon itace. Wannan aikin laka ne, wata laka ta roba da ake sayarwa a shagunan kayan gyaran jikin mota. A gutsiro kamar giram 30, a murza ta yi faɗi kamar ƙaramar waina, a fesa ruwan shamfu mai santsi sosai, a riƙa zamar da ita ba dannawa har a daina jin ƙara. A ninke ta bayan kowane yanki don fuska mai tsabta ta fito. In ta faɗi ƙasa ta gama aiki, a jefar. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar.

Yanzu ga inda aka fi ruɗewa, kuma inda aka fi yin asara. A bakin mutane folish da kaki duk abu ɗaya ne, alhali aikinsu kishiyar juna ne. Folish ragewa yake, kaki ƙarawa yake. A cikin folish akwai ƙananan ƙwayoyi masu kaifi da ke kankare saman kiliya har ya sauko daidai da gindin zanen. Ba cike ramin ake yi ba, tudun da ke gefensa ake rushewa. Kamfawun shi ne nau'in folish mai manyan ƙwayoyi. Folish mai laushi da soso mai laushi yakan ɗauke maikiron ɗaya zuwa uku. Kamfawun da faifan gashin tumaki a kan inji mai juyawa kai tsaye yana iya ɗauke biyar ko fiye a zama ɗaya. Ma'aikata masu lura ba sa son a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kiliya a duk tsawon rayuwar mota, wato kamar maikiron 10 zuwa 12. Yi lissafin wanda ke kai motarsa bofin, wato gugar fenti da inji, kowace ƙaramar Sallah da babba. Shekarar farko sai son barka. Kafin shekara uku rufi da bonet sun fara farin dabbare-dabbare, daga nan kiliya ta soma saɓa kamar maciji. Garin neman gira an rasa ido. Idan ta kai nan babu folish ko kakin da zai dawo da ita, sai sabon feshi.

Kafin a kunna inji a tantance zanen. Zuba masa ruwa: in ya ɓace yana jiƙe, a cikin kiliya yake, zai gyaru. Ja farce a kansa: in farcen ya maƙale, ya yi zurfin da bai kamata a bi shi ba, sai dai a rage masa kaifin baki. In kuwa ana ganin toka-tokar firaima ko ƙarfe, irin wanda hannun babur ko gefen adaidaita sahu ke bari a cunkoson Kantin Kwari, wannan cikewa ake yi. A duba lambar launin motar a 'yar takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, a sa mai haɗa fenti ya haɗa kaɗan, a ɗiga da tsinken sakace siriri-siriri, a bar kowane shafi ya bushe. A yi shi kafin damina, tun tsatsa ba ta samu ƙofa ba.

A kuma san irin fentin. Shafa ɗan folish da farin tawul a wani lungu. In launi ya fito a tawul, motar ba ta da kiliya, fenti mai hawa ɗaya ne, irin na tsofaffin Peugeot 504 da 505 da aka harhaɗa a Kaduna da wasu motocin haya da aka sake wa feshi. Irin wannan idan ya yi gari-gari kamar alli, folish yana farfaɗo da shi sosai, launi a faifai kuma ba abin damuwa ba ne. Amma motar da ka san tana da kiliya, ka ga launi a faifai, a kashe inji: an huda kiliyar. Motocin Kwatano da yawa an taɓa musu feshi kafin su iso hannunka. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti da ba ta fi waya girma ba. In wani yanki ya nuna sama da maikiron 300 alhali sauran jikin yana kan 120, an sake fesa shi. In ya doshi dubu, akwai fila a ƙasa, wato abin da ake cike lotsawa da shi. In kuma ya nuna ƙasa da 80, wataƙila an riga an cinye shi da bofin, a bar shi haka.

Inji iri biyu ne. Mai juyawa kai tsaye, wanda ya fi yawa a garejinmu, yana da sauri amma yana tara zafi, kuma a hannun wanda bai ƙware ba yana barin wani zane mai walƙiya da ke bin ido a rana kamar wutsiyar haske. Ɗayan yana juyawa yana kuma karkarwa gefe da gefe, bai cika ƙona fenti ba, shi ya dace da mai koyo. Ko da wanne za a yi, a rufe baƙar roba da tambari da kaifafan gefuna da tef, domin a kan gefe fenti ya fi siranta. A zaɓi fili santimita 50 a kan 50 a gwada da abu mafi laushi tukuna. In ya biya bukata ba sai an hau kamfawun ba. Ɗigo huɗu kamar ƙwayar wake a kan faifai, a dangwala a filin kafin a kunna, a baza da ƙaramin gudu, sannan a ƙara. Inji mai juyawa kai tsaye ya tsaya tsakanin juyi 1000 zuwa 1500 a minti. Faifai a kwance ɓalɓal, ba a karkace ba, hannu yana tafiya a hankali kamar santimita uku a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya, sau uku ko huɗu, tsaye da kwance. Kada inji ya tsaya wuri ɗaya. Bamban roba ba ya fitar da zafi kamar ƙarfe, nan aka fi ƙonawa, a rage gudu. A riƙa share faifai da burushi bayan kowane fili, a kuma tanadi huɗu ko biyar don mota ɗaya, domin wanda ya cika da busasshen folish zane yake yi. Duk wanda ya yi kamfawun dole ya bi da folish mai laushi a kan soso.

Abu biyu da ba na yarda a yi sakaci da su. Na farko, ba a bofin a sarari da hunturu. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga tsakanin faifai da fenti a kan wannan gudun ta isa ta ɓata aikin awa guda. A shiga rumfa mai kariya, a yayyafa wa ƙasa ruwa. Na biyu, bayan an gama a goge filin da sifirit na aisofurofil da aka sirka, kashi ɗaya a ruwa kashi biyar, sannan a haska fitila. Folish da yawa suna da mai da ke cike zane ya ɓoye shi. Shi ya sa za ka ga mota a wurin sayarwa tana ɗaukar ido, bayan wanki uku zanen ya dawo gaba ɗaya. Ba dawowa ya yi ba, dama bai tafi ba. Mota mai fenti marar sheƙi da gangan, ko wadda aka lulluɓe da leda mai launi, ba a yi mata folish sam.

Kaki shi ne rigar da ke karɓar duka a madadin kiliya. Sananne a ciki shi ne kanoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Yana narkewa ne a wajen digiri 82 zuwa 86, yana kuma ba wa fenti mai duhu wani zurfi mai daɗin kallo. Matsalarsa a nan ita ce zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da iska kanta ke kai digiri 40, rufin baƙar mota a rana yana haura 70. Kakin gwangwani gauraye yake da mayuka masu laushi, don haka wata ɗaya zuwa biyu ya ƙare. Ga motar da ke yini a rana, kakin da aka haɗa da sinadaran roba ya fi dacewa, yakan kai wata huɗu zuwa shida. Wanda ke son ƙyallin kanoba sai ya shafa na roba a ƙasa, ya bar shi ya kwana, ya ɗora kanoba a sama. Ba a juya tsarin, don na roba ba ya kama jikin maiƙo.

Kuskuren da aka fi yi wajen shafawa shi ne yawa. Abin da ya taɓa fenti shi kaɗai ke zama, sauran duk a tawul zai ƙare, ga wahalar gogewa da farin gari a kowane lungu. Kamar cokali biyu ya ishi mota guda. A shafa da ɗan soso mai laushi, siriri har sai ka karkata kai kake ganinsa, a kan fenti mai sanyi, yanki-yanki. Bayan minti biyar zuwa goma zai yi hazo. Ja yatsa a kai: in ya bar layi garau, ya nuna, a goge da tawul mai tsabta ana juya shi, in ya yi jirwaye, a ƙara masa lokaci. Da hunturu ya fi saurin bushewa, kada a shafe motar duka sannan a dawo gogewa. A kiyaye baƙar roba, kaki yana barin farin tabo a kanta. Alamar yana nan ita ce ruwa ya riƙa dunƙulewa yana gangarewa. Ranar da ka ga ya baje ya kwanta, lokacin sabo ya yi. A lissafin Kano sau uku ya fi muhimmanci: ƙarshen Oktoba kafin ƙura, farkon Maris kafin zafi, da Yuni, lokacin da ruwan farko ke saukowa da jar laka.

Shafen siramik da ake yayi yanzu abu ne mai kyau idan an yi shi daidai. Ruwa ne mai sinadarin silika da ke ƙamewa ya daɗe shekara biyu ko fiye, kwalbar mililita 30 ta ishi ƙaramar mota. Yana sauƙaƙa wanki, yana jure zafi da kashin tsuntsu fiye da kaki. Amma kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba, kuma 9H da ake rubutawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ne, ba na Mohs ba. Tsumma da yashi suna zana shi kamar yadda suke zana kiliya. Yana kuma kulle duk aibin da ya tarar, don haka sai an gyara fenti tukuna, a ɗaki marar ƙura, a goge rararsa cikin 'yan mintuna kafin ta ƙame, a hana shi ruwa awa 24. Wanda ya ce zai yi maka shi a bakin titi cikin awa ɗaya, riƙe kuɗinka.

Motar da aka yi wa sabon feshi a jira wata ɗaya zuwa uku kafin a sa mata kaki, gwargwadon yadda mai fentin ya ce, don sinadaran ciki su gama fita. Rigar mota kuma ba a sa ta a kan ƙura. Iska na kaɗa ta, tana gurzar gefuna dare da rana. Tamfol ya fi muni, ga kaushi, ga riƙe danshi da damina. Rumfar kwano ko ta yadi da ba ta taɓa jikin motar ta fi su duka.

Tawul ɗin da kansu suna bukatar kula. A yage 'yar takardar da ke gefensu, tana zane. A ware na jiki, na gilashi, na taya, kowanne da launinsa. A wanke su su kaɗai da sabulun ruwa, ban da maganin laushin kaya don yana toshe gashinsu, ban da guga don roba ne suna narkewa. A shanya a cikin ɗaki, ba a igiyar tsakar gida inda ƙura za ta sake cika su ba, in sun bushe a ƙulle a leda. Wanda ya faɗi ƙasa ya koma na taya. Shi kuma mai gugar safe, kada a yi masa faɗa, ba a taɓa nuna masa ba ne. A kira shi da dare, a haska masa fitila a bonet ya gani da idonsa, a ce: "Baba, ka ga wannan zanen? Daga gobe gilashi kawai za ka riƙa gogewa, da ruwa, jikin kuma sai Asabar mu wanke da bokiti biyu." A miƙa masa sababbin tawul uku da safar wanki, tsohuwar singiletin kuma a mayar da ita wajen duba man inji.